BAKIN YARO DA KUNNENSA: AIKIN HUTU GA 'YAN SAKANDARE



Duk wadda ta taɓa kai ɗanta awo ta san yadda a ke yi. A rataya yaro a sikeli, malamin asibiti ya duba, ya ɗiga alama a kati. In layin ya hau, madalla. In ya kwanta, sai a tambaye ki abin da yaron ya ke ci. To, akwai wani girma da sikeli ba ya kamawa, watau girman magana, shi ma kuwa sha'anin lafiya ne kamar nauyin jiki. Wahalar ita ce malamin asibiti ba ya ganin yaro sai na minti biyar, a cikin minti biyar ɗin nan kuwa yaro ya kan ƙanƙame uwa tasa ya yi gum, don ya ga baƙon ido. A ce wa uwa, "Yana magana?" Ta ce, "Yana ɗan taɓawa." Shi ke nan, ba a ƙaru da kome ba.

Wa ke wuni da yaron nan a gida, ya kuma iya rubutu? Wansa ko yarsa da ke makarantar sakandare. Saboda haka jawabin yau na mutum biyu ne. Ku 'yan makaranta na Yelwa da Birnin Yauri da Wara da Shanga da ƙauyukan bakin ruwa, ina so in ba ku wani aiki na hutu. Ku kuma iyaye, ina so ku ji amfaninsa, don kada ku ga yarinya zaune da fensir kusa da ƙaninta ku ce gudun aiki ta ke yi.

Ku sani ilmin nan na yadda yara su ke koyon magana da littafin rubutu ya fara. Wani shahararren masani na Ingila, Charles Darwin, an haifa masa ɗa a 1839, sai ya riƙa rubuta abin da jaririn ya ke yi: ran da ya fara murmushi, ran da ya fara juyawa in ya ji motsi. Ya rubuta cewa da yaron ya cika shekara guda sai ya ƙago wa abinci suna da kansa, in yana so ya ce "mam". Littafin ya yi shekaru a ajiye, sai a 1877 ya fitar da shi jama'a su ka karanta. A Jamus kuma wata mata da mijinta, Clara da William Stern, sun yi shekara 18 suna rubuta maganar 'ya'yansu uku, su ka buga littafi a kai a 1907. Har wa yau masana suna komawa ga waɗannan rubuce-rubuce. Ba su da wani inji. Kunne ne da haƙuri da fensir, waɗanda kowane ɗan aji huɗu ya ke da su.

Bayansu an sami na'urori, a ka gano abubuwan da za su ba ku mamaki. Jariri yana jin sauti tun yana ciki, a watanni uku na ƙarshe. A 1980 wasu masana biyu a Amurka, DeCasper da Fifer, su ka ba jarirai 'yan ƙasa da kwana uku kan roba su tsotsa, su ka haɗa shi da na'ura yadda in jariri ya yi wani irin tsotso zai ji muryar uwa tasa, in ya yi wani irin kuma ya ji ta wata mace dabam. Jariran su ka riƙa yin tsotson da zai kawo musu muryar uwa. Watau tun ba a yi suna ba ya san muryarki.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na Janet Werker da Richard Tees a Kanada, a 1984. Sun ɗauki 'ya'yan masu jin Ingilishi, su ka jiyar da su sautuka na harshen Hindi da na wani harshe na mutanen asalin ƙasar Kanada, sautukan da babu su a Ingilishi, waɗanda iyayen ma ba su iya rarrabe su. 'Yan wata 6 zuwa 8 kusan dukansu su ka rarrabe. 'Yan wata 10 zuwa 12 kuwa kaɗan ne su ka iya. Kunnen ya riga ya zauna a kan harshen gida. Kun taɓa jin baƙo yana fama da "ƙafa" da "kafa", ko "ɗaki" da "daki"? Yana jariri zai iya jin bambancin sarai, ya rasa wanda zai jiyar da shi ne a lokacin. Abin da za ku riƙe a nan shi ne yaro ya yi nisa da karatun harshe tun bai furta kalma ko ɗaya ba. Mai jira sai yaro ya fara magana sa'an nan ya yi masa magana, ya bar shekara guda ta wuce a banza.

To, ga aikin. Ka sami littafin rubutu sabo, ka zaɓi yaro guda a gidanku, daga ɗan wata 6 zuwa ɗan shekara 3. Ka fara neman izinin uwa tasa da ubansa, in na maƙwabta ne balle. A shafin farko ka rubuta ranar haihuwarsa, ka duba katin awo in an manta, da harsunan da a ke yi a gidan, da wanda ya fi goyonsa. Kullum ka zauna kusa da shi minti 15 ko 20, a lokaci guda in da hali, misali bayan la'asar. Ka sa kwanan wata. Sa'an nan ka rubuta abin da ya faɗa daidai yadda ya faɗe shi. Nan ne 'yan makaranta su kan yi kuskure, don malamai sun saba musu da gyara. In ya ce "uwa" alhali ruwa ya ke nufi, ka rubuta "uwa", a gefe ka sa abin da ya ke nufi, da abin da a ke yi sa'ad da ya faɗa, da wanda ya ke gaya wa. Kada ka tsare shi da "ce kaza, ce kaza". Abin da ya fito da kansa shi a ke so. Nuni da yatsa ma ka rubuta, da ɗaga hannu a ɗauke shi, da girgiza kai, gama duk magana ce.

In ka yi mako biyu ko uku za ka fara ganin abin yana da tsari. Ɗan wata 2 ko 3 ya kan yi guɗa-guɗarsa ta "aaa" da "uuu" in an yi masa wasa. Daga wata 6 zuwa 10 sai gwalantu, "bababa", "dadada". A nan uba ya kan yi murna ya ce an kira shi, mu dai ba za mu ɓata masa rai ba. Wajen shekara guda kalmar farko ta gaskiya ta kan zo, watau sautin da ya ke maimaitawa yana nufin abu guda. Daga shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kalmomi su kan yawaita har su kai 50 ko fiye, ya fara haɗa biyu, "Inna zo", "ba ruwa". Ɗan shekara 3 kuwa ya kan yi zance har ya gaji mutane da tambaya. Yara ba su tafiya daidai da juna, wani ya riga wani da watanni, ba kuwa abin damuwa ba ne.

In akwai ɗan shekara 4 ko 5 a gidan, ga wata dabara da wata masaniya, Jean Berko, ta yi a Amurka a 1958. Ta zana wata 'yar dabba da babu irinta a duniya, ta ƙaga mata suna, ta nuna wa yara, sa'an nan ta nuna musu guda biyu ta ce su faɗi sunansu. Yaran su ka yi wa sunan jam'i bisa ƙa'idar Ingilishi, alhali ba su taɓa jinsa a bakin kowa ba. Wannan ya nuna yaro ba aku ba ne, ƙa'ida ya ke tsinta daga zancen manya, ya yi aiki da ita. Ku gwada da Hausa, inda jam'i ya fi na Ingilishi wuya nesa ba kusa ba: gida gidaje, jaki jakuna, ƙofa ƙofofi, akuya awaki. Ka zana dabbarka ka ce, "Wannan gurlo ne." Ka zana da yawa ka ce, "Waɗannan fa?" Gurlaye zai ce, ko gurluna, ko gurloli? Ka tambayi yara biyar ko shida, ka rubuta amsar kowa da shekarunsa. Ranar da ka yi haka ka shiga sahun masu bincike.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa Ma'aikatar Lafiya ta damu da wannan zance, watau kunne. Yaro da kunne ya ke koyon magana. Sau da yawa a kan kawo mana yaro ɗan shekara 4 ko 5 a ce ba ya magana, a duba bakinsa, alhali bakin lafiya lau, kunnen ne ba ya ji. In ka tambaya sai a ce ai an ga alama tun yana goye, amma kakarsa ta ce ubansa ma bai yi magana da wuri ba, a bar shi. Wani ma an riga an kai shi wurin wanzami an cire belu, ko an yanka ƙarƙashin harshe. Jama'a, belu ba ya hana magana, cire shi kuma ba ya kawo ta, sai zubar jini da ciwon da aska ke iya kawowa. Shekarun da a ka yi ana jira kuwa su ne ainihin shekarun koyon harshe. A 1998 an buga wani bincike na jihar Kolorado ta Amurka da ya nuna yaran da a ka gane rashin jinsu kafin wata 6, a ka kuma taimake su, sun fi waɗanda a ka gane daga baya harshe ƙwarai.

Abubuwan da ke kashe kunnen yaro a ƙasarmu sanannu ne: sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawara mai tsanani a makon haihuwa, zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, da ciwon kunne mai zubar da mugunya. Manya ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kuma sake taɓa Kebbi da Sakkwato da Zamfara a 2017. Cikin waɗanda su ka tashi daga ciwon akwai waɗanda su ka tashi ba kunne. Don haka duk yaron da ya warke daga sanƙarau lalle a gwada jinsa, kada a ce tun da ya miƙe shi ke nan. Rigakafin ƙyanda kuwa sau biyu ne, a wata 9 da a wata 15. Ɗan makaranta, ka duba katin ƙanenka yau ka ga ko an yi duka biyun.

Ciwon kunne mai ruwa ya fi kowanne samun sakaci, musamman a bakin tabki inda yara su ke wuni cikin ruwa. Mutane sun ɗauke shi kamar majina. In kunne ya yi mako biyu yana zuba, ya zama ciwo mai daɗewa, yana kuma rage ji a hankali. Kada a ɗura masa mai ko ruwan ganye, kada a sa gashin kaza ko tsinken ashana. A murɗa tsumma mai tsabta a tsane ruwan, a hana shi nutso, a kawo shi ɗakin shan magani. In bayan kunnen ya kumbura yana zafi, ran nan za a kawo shi, ba gobe ba.

Kai mai littafi, ga abin da za ka sa wa ido. Ka tsaya bayan yaron inda ba ya ganinka ko inuwarka, kamar taki guda, ka kira sunansa a hankali ko ka motsa 'yar leda. Ɗan wata 8 mai lafiyar kunne ya kan waiwaya. Kada ka buga ƙasa ko ka yi tafi kusa da shi, don ko kurma yana jin girgiza da iska a jikinsa. Wannan gwaji na gida ne, ba ya yanke hukunci, yaro yana iya jin ƙara mai ƙarfi ya kasa jin zance. Amma in ya kai wata 10 ba gwalantu, ko shekara guda ba ya waiwayar sunansa, ko shekara ɗaya da rabi ba kalma ko ɗaya ba kuma nuni da yatsa, ko shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, ko kuwa yana da kalmomi sai su ka ɓace, to, ka gaya wa iyayenku a kawo shi tare da littafin. Kai ba likita ba ne, kada ka ce wa kowa ɗansa kurma ne. Naka rubutu, malamin asibiti shi zai duba ya tura babban asibiti in da bukata. In'ina kuwa ta kan taɓa yara da yawa tsakanin shekara 2 da 5, akasari ta wuce da kanta. Kada a yi masa dariya, kada a ƙarasa masa magana. In ta daɗe ko tana ƙaruwa, a kawo shi.

In kuwa ta tabbata ba ya ji, ba a rufe masa ƙofar harshe ba. Maganar hannu ta kurame harshe ce cikakkiya mai ƙa'idodinta, har wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta rubuta littafi a kanta, a ka buga a 2000. Yaro kurma yana bukatar a fara masa ita da wuri, kamar yadda mai ji ya ke bukatar a yi masa zance da wuri.

Akwai wata tambaya da a ke yawan yi mini a ƙasar Yauri, don ƙasa ce mai harsuna. A kasuwa guda za ka ji Hausa da Gunganci da Kambarci da Dukanci da Fillanci. Uwa ta kan ce, "Malam, in na yi masa yarenmu, a waje kuma ya ji Hausa, ba zai rikice ba?" Ba zai rikice ba. Wani malami a Amurka, Werner Leopold, ya riƙa yi wa 'yarsa Jamusanci, uwarta tana yi mata Ingilishi, ya rubuta maganarta a littattafai huɗu tsakanin 1939 da 1949, binciken da a ka yi bayansa kuma ya tabbatar harshe biyu ba ya jawo ciwon magana. Sai dai mai ƙirga ya ƙirga duka. In yaro yana da kalma 20 na Hausa da 30 na Kambarci, 50 ke gare shi. In ya gauraya su a zance guda, ai manya ma haka su ke yi.

Ina roƙonku ku rubuta kalmomin yaren gida da kulawa ta musamman. Da a ka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci gungaye da garuruwa, a ka ta da mutum wajen 44,000 a ka sake musu mazauni, Gungawa da yawa su ka bar tsibiransu su ka cuɗanya da Hausawa. Shangawa kuwa akasarinsu sun koma Hausa, harshensu ya rage a 'yan ƙauyuka na bakin Kwara. Wani Bature, P. G. Harris, ya rubuta bayani a kan ƙasar Yauri a 1930, da kan harshen Gungawa, wanda su ke kira Reshe, a 1946, amma zancen manya ya rubuta. A 2022 wasu masana biyu, Kidd da Garcia, su ka ƙirga binciken da a ka buga a manyan mujallu huɗu na wannan fanni cikin shekara 45. Cikin harsunan duniya kimanin 7,000, guda 103 kaɗai su ka samu an taɓa, fiye da rabin binciken kuma a kan Ingilishi ne. Ke 'yar makaranta da ke zaune a Ngaski kina rubuta yadda ƙanwarki ta ke haɗa Kambarci da Hausa, ki san abin da ke hannunki ba shi da yawa a duniya.

Ku iyaye mata, na san al'adarmu ta kunyar ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane. Ban zo in rushe kunya ba. A Senegal, a ƙauyukan Wolof na yankin Kaolack, an tarar mata suna gudun yi wa jariri zance don tsoron iskoki da bakin mutane. Wata ƙungiya mai suna Tostan ta zauna da su tare da limamai da dattawa, binciken da a ka buga a 2017 ya nuna bayan shekara guda iyayen sun ƙara zance, yaran ma sun ƙara. A wani ƙauyen Mayawa na Meksiko kuma, Marisa Casillas da abokan aikinta sun tarar a 2020 cewa ba a cika yi wa yara ƙanana zance kai tsaye ba, duk da haka sun fara kalma da haɗa kalmomi a kan kari, suna tsinta daga zancen gida da na 'yan'uwa. Abin da na fahimta shi ne gidan yawa yana da albarkarsa. In uwa tana kunya, ga kaka, ga goggo, ga yaya mai goyo. A cikin ɗaki kuwa, inda ba kowa, wa zai hana ki gaya wa ɗanki abin da ki ke yi sa'ad da ki ke masa wanka? In ya yi gwalantu ki amsa, ki dakata, ya sake. Wannan ba-ni-in-ba-ka shi ne abincin harshe. A Jamaika, daga 1986, an riƙa aika ma'aikatan lafiya gidajen yaran da rashin abinci ya tsumburar, awa guda kowane mako har shekara 2, suna koya wa iyaye wasa da zance da yaran, da kayan wasa na gwangwani da tsumma. Bayan shekara 20 a ka bi sawunsu, a ka tarar abin da su ke samu na sana'a ya fi na 'yan'uwansu da ba a yi wa ba da kashi 25 cikin 100.

Wata za ta ce ai tana ba shi waya yana kallo, yana koyo. A 2003 Patricia Kuhl ta birnin Seattle ta sa masu jin Sinanci su zauna da jarirai 'yan wata 9 sau 12 suna musu wasa, jariran su ka kama sautukan Sinanci. Wasu jariran a ka nuna musu mutanen nan ɗin a talabijin, wasu a ka jiyar da su murya kawai, ba su kama kome ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawara a 2019 kada a ajiye ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allo. Ni kaina da na ke magana a akwatin rediyo, ku manya na ke wa amfani. Jaririn da ke cinyarki ba ni zai koya wa Hausa ba.

Saura kalma biyu ga masu littafi. Abin da ka rubuta amana ce. Kada ka kai shi dandali ana dariyar ɗan wani, kada kuma ka ɗauki hoto ko muryar yaro ka watsa a waya. In hutu ya ƙare ka nuna wa malaminku na Hausa ko na kimiyya, ku gwada naku da na 'yan ajinku, ku ga kalmomin da su ka fi zuwa da fari a gidan masunta da gidan makiyaya da gidan 'yan kasuwa. Ka bar wa wani mai rubutu a gida ya ci gaba, ko sau ɗaya a mako. A sa littafin cikin leda tare da katin awo, kada damina ko ruwan jirgi su ɓata shi, ranar awo kuma a zo da su duka biyu a miƙa wa malamin asibiti.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan tsargiya da wankan tabki.